Boris ɗin Wuyan Babur ɗin Baba

Duk wanda yake shigowa makarantar nan ta ƙaramar ƙofa da safe ya san babur ɗina, ko da bai san ni ba. Shi ne jan nan da ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, mai kula biyu ɗaure a baya da robar tsohon tiyub. Ba nawa ba ne ma, na Baba ne. Da shi ya yi ta zuwa aiki har ya yi ritaya, kuma da idonsa ya fara ba shi matsala sai ya jingine shi a zaure. A satin da na samu gurbin karatu ya miƙo mini makulli ya ce, "Ga shi nan. Shi zai kai ka, shi zai ciyar da kai. Amana ce." Tun daga ranar, kullum bayan sallar asuba nake ɗaukar zoɓo da kunun ayan da Umma take yi in rarraba wa shaguna bakwai, sannan in wuce lakcar ƙarfe takwas. Kuɗin rajistata na shekara biyu daga cikin kulolin nan suka fito.

Ina ajin ƙarshe a sashen Makanikal. Na faɗi haka tun da wuri ne don ku san girman kunyar da zan ba ku labarinta.

Abin ya fara ne da wata 'yar ƙara. Duk lokacin da na kama birkin gaba ko na faɗa rami, sai in ji "ƙwas" daga ƙarƙashin kan babur, kamar an buga cokali a jikin tukunya. Na yi sati biyu ina jin ta. Rannan da yamma na tsuguna na duba, na ga wani noti mai tsaga-tsaga a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe sitiyari. Na ce ai ga matsalar nan, abu ne ya saki. Na ɗauko sukundireba da guduma, na sa bakin sukundireba a tsagar, na yi ta bugu har notin ya ƙi motsi. Ƙarar ta ɗauke. Har na shiga gida ina gaya wa Umma cewa na gyara abin da bakanike zai karɓi kuɗi a kai, tana ta sa mini albarka, wai karatu ya fara amfani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Hausawa suka ce, ni kuwa a wuyan babur na ɗaura nawa.

Bayan kamar wata ɗaya sai wani abu daban ya ɓullo. Idan ina tafiya a miƙe, kan babur ɗin sai ya zama kamar ya samu wani gurbi a tsakiya ya zauna. In zan karkata kaɗan, sai na ɗan tura shi da ƙarfi kafin ya fita daga gurbin, in ya fita kuma sai ya zarce inda nake so. A cikin cunkoso, inda ake tafiya a hankali, babur ɗin ya riƙa yi mini tangaɗi kamar mai jin barci. Na san akwai matsala. Amma a lokacin ana maganar kuɗin furojet, ga mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, duk naira da ta shigo hannuna tana da wurin zuwa tun kafin ta iso. Na ce bari a gama wannan simestar. Da aka gama na ce bari a gama biyan kuɗin furojet. Ana cikin haka hannuwana suka koyi yadda za su zauna da abin. Na daina jin gurbin gaba ɗaya. Wata biyar na yi a haka, kullum da lodi, wani lokacin da Umma a baya zuwa asibiti ko gidan suna.

Ranar da abin ya faru, Auta ce a bayana. Tana rubuta jarrabawar WAEC, kuma ranar tana da takarda da safe. Ba gudu nake yi ba, Allah ya sani. Wani mai adaidaita sahu a gabana ya ga fasinja ya tsaya cak babu sigina. Na kama birki, na ji "ƙwas" ɗin nan da na yi zaton na kashe tuntuni, na nemi in kauce dama kaɗan. Kan babur ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ya fizge gaba ɗaya, tayar gaba ta shiga yashin gefen titi, sai ga mu a ƙasa. Ni gwiwar hannu kawai na kurje. Auta kuwa ƙafarta ce ta kwanta a jikin salansa.

Mutane suka taru, ana ta salati, wasu na zagin mai adaidaita wanda tuni ya yi gaba. Wani mai sayar da fiya wata ya fasa leda huɗu ya yi ta kwarara mata a ƙafa. Fatar wurin ta saɓule kamar faɗin tafin hannun yaro. Ni na rasa abin yi, na tsaya ina kallon ƙafar. Ita ce ta ce, "Yaya, tashi ka tayar da shi mu tafi, za a rufe ƙofa." Haka ta shiga ta rubuta jarrabawar nan da ƙuna a ƙauri, sai da ta fito muka je aka wanke aka sa magani.

Da daddare Baba ya saurari labarin bai ce komai ba. Na ɗora laifin a kan mai adaidaita, na ɗora a kan yashi, kuma duk gaskiya ne, suna da nasu kason. Da na gama sai ya ce in fito masa da babur tsakar gida in kafa shi a kan babbar ƙafa. Ya ce in danna bayan ƙasa don tayar gaba ta tashi. Ya lalubo kan babur ɗin, da yake da daddare ba ya gani sosai, ya juya shi hagu, ya juya shi dama, a hankali, da yatsu biyu. Da ya zo tsakiya sai kan ya faɗa gurbin nan ya tsaya da kansa. Ya sake yi. Ya sake tsayawa.

"Tun yaushe?" ya ce.

Na ce, "Kwanan nan ne, Baba."

Ya yi shiru yana riƙe da kan babur ɗin. Can ya ce, "To." Ya shiga ɗaki. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya shekara biyu bai hau babur ɗin ba ya gano cikin daƙiƙa goma abin da ni mai hawa kullum na daina ji.

Ranar Asabar na tura babur ɗin garejin da Baba yake kai shi tun ina firamare, ƙarƙashin wata darbejiya a bayan kasuwa. Ogan wurin dattijo ne, tun ina yaro yake tsokanata, da na shiga makarantar nan kuma ya raɗa mini Injiniya. Ya yi irin gwajin da Baba ya yi, sannan ya tsuguna a gaba ya kama shokozoba biyun ta ƙasa ya ja gaba ya tura baya. Ya leƙa notin nan mai tsaga, ya ga duk bakinsa ya tauye da sawun sukundireba.

"Injiniya, wane maƙiyin naka ne ya ɗaure maka wannan?"

Na ce ni ne. Yaran gareji suka fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Da ka kawo shi lokacin da yake ƙara, wataƙila da giris da ɗan ɗauri kaɗan sun ishe shi. Yanzu sai an sauya boris ɗin wuya gaba ɗaya."

Na roƙe shi alfarma ɗaya: zan biya kuɗin aiki cif, amma ya bar ni in yi da hannuna, shi ya tsaya a kaina. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Za ka ɓata mini yini. Cire wannan farar rigar."

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa wurin ba, bari in ɗan yi bayani. A gaban firam ɗin babur akwai wani gajeren bututu, shi ne wuyan. Ta cikinsa wata sandar ƙarfe take ratsawa. Ƙasan sandar a haɗe yake da wata kafaɗar ƙarfe mai riƙe shokozoba biyu na gaba, samanta kuma akwai wata kafaɗar wadda sitiyari ke zaune a kai. Boris biyu ne ke sa duk wannan ya juya, ɗaya a bakin bututun ta sama, ɗaya ta ƙasa. A irin ƙananan baburanmu, kowane boris 'ya'yan ƙarfe ne masu girman ƙwayar waken suya, suna gudu tsakanin zobba biyu: zobe ɗaya an dasa shi da ƙarfi a cikin firam, ɗayan yana jikin sanda. Notin nan mai tsaga shi ke ƙayyade yadda zobban za su matse 'ya'yan. In ya yi sako-sako, sandar tana wasa, shi ne "ƙwas" ɗin da na fara ji. In ya matse da yawa, 'ya'yan suna cin zobe. Nauyin gaban babur, da bugun kowane rami, da turin kowane birki, duk ta kan waɗannan 'yan ƙwayoyin suke bi, kuma na ƙasa ya fi shan wahala.

Oga ya tura ni layin masu sayar da kayan babur, ya ce in sayo saiti cikakke, zobba huɗu da 'ya'yansu da robar da ke tare ƙura, kada in yarda a sayar mini da 'ya'ya kaɗai. Mai shagon ya zube mini kala biyu a kan kanta, ya ce wannan mai sauƙi ne, wannan kuma mai kwana. Na tsaya ina lissafi a raina, sai na tuna ƙafar Auta, na ɗauki mai kwanan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗinsa duka bai kai na man da nake sha a kwana uku ba. Wannan ne abin da na yi wata biyar ina gudu.

Muka kafa babur, muka sa bulo da katako a ƙarƙashin inji don gaban ya tsaya a sama. Kafin in taɓa komai Oga ya ce, "Wayar nan taka ba ta hoto ne? Ɗauki yadda kowace waya ta bi." Na ɗauki hoton yadda kebul ɗin totur da na kuloci da na birki da wayoyin fitila suka ratsa, kuma daga baya wannan hoton ne ya cece ni. Na cire kebul ɗin birki da na mita, na zare tayar gaba da murfinta, na sassauta notunan da ke matse shokozoba na zaro su ɗaya bayan ɗaya. Na cire fitila. Sitiyarin ban raba shi da wayoyinsa ba, na kwantar da shi a kan tanki bisa tsumma. Na kwance babban notin sama na ɗage kafaɗar sama.

Da na zo kan notin mai tsaga, Oga ya miƙo mini wata sufana mai lanƙwasa kamar lauje da ɗan haƙori a baki. Ya ce, "Ga abin da ake kama shi da shi. Ba a dukan sa." Ya sa wani yaro ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya ce in tallafi sandar ta ƙasa da hannu ɗaya. Duk da haka, da na sauke ta, 'ya'yan boris suka zubo kamar an ɓarar da tsaba. Babu ɗigon giris a jikinsu. Abin da ya rage wani jan gari ne na tsatsa da ƙura. Wasu 'ya'yan sun daina sheƙi, biyu ma sun fara ɓarewa. Oga ya tambaye ni inda nake wanke babur, na ce wajen masu wankin mota da injin feshi. Ya ce, "Su feshe maka laka, su feshe maka giris. Ka ce su daina saita ruwan a wuya."

Na wanke zoben ƙasa da kananzir na ɗaga shi a rana. A nan jikina ya yi sanyi. Zagaye da zoben akwai ƙananan lotsawa a jere, tazararsu ɗaya, kowane ɗan boris ya haƙa wa kansa gurbi. Na san wannan hoton. A darasin kayan ƙira an koya mana gwajin taurin ƙarfe na Brinell, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Johan August Brinell, ya fito da shi a 1900. Ana danna ƙwallo mai tauri, mai faɗin milimita 10, a kan ƙarfe da nauyin kilo 3,000, sai a auna faɗin lotsawar da ya bari. Har irin wannan lalacewar ta boris da sunansa ake kiran ta. Na zana wannan a jarrabawa, na samu maki mai kyau. Ashe ni ma na yi wata biyar ina gudanar da gwajin a ƙarƙashin hannuna, da gudumata na ɗora nauyin farko, ramukan hanya da kulolin Umma suka ƙarasa.

Dalilin da ya sa gurbin yake zama a tsakiya ma a bayyane yake in mutum ya tsaya ya yi tunani. Boris ɗin taya yana juyawa ne ba tsayawa, don haka bugu yana rarrabuwa ko'ina a jikin zobe. Na wuya kuwa kusan kullum a wuri ɗaya yake, tunda yawancin tafiya a miƙe ake yin ta. Kowane rami a daidai wurin da na jiya ya buga yake bugawa. Kuma babur ba ya tsayuwa a kan taya biyu sai da 'yan ƙananan gyare-gyaren da kan yake yi hagu da dama koyaushe, waɗanda mai tuƙi ma bai san ana yi ba. In kan ya maƙale a gurbi, wannan gyaran ya tsaya, sai tangaɗi. Ranar da ka buƙaci kaucewa da sauri kuma, sai ya ƙi, sannan ya fizge.

Cire tsofaffin zobban cikin firam shi ne aikin haƙuri. Ana zura doguwar sandar ƙarfe ta ɗaya bakin bututun har ta taɓa ɗan leɓen zoben, a buga kaɗan, a koma ɗaya gefen a buga kaɗan, a yi ta zagayawa. Ni da na ga ya fara motsi sai na dage a gefe ɗaya. Oga ya riƙe mini hannu. "In ya fito a karkace zai buɗa bakin firam. Zobe ana sayarwa a kasuwa. Firam fa?" Zoben da ke ƙasan sanda ya fi kowanne taurin kai. Da cizal muka riƙa shiga ƙarƙashinsa muna ɗaga shi kaɗan-kaɗan ta kowane gefe, muna kaffa-kaffa kada mu ji wa sandar ciwo. Wannan kaɗai ya ci mana kusan minti arba'in, kuma a nan na daki babban yatsana har farcen ya taru da jini.

Wajen sa sababbin ne na ce bari ni ma in nuna an biya mini kuɗin makaranta. Zoben da ke shiga firam an yi shi ya ɗara ramin faɗi da ɗan ƙanƙanin abu, don ya kama gam. Ƙarfe kuwa yana tsukewa in ya yi sanyi, kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya. Na lissafa a bayan kwalin boris: zobe mai faɗin kamar milimita 45, in ka sauke zafinsa da digiri 50, zai ragu da kusan milimita 0.03. Bai kai kaurin silin gashi ba, amma a irin wannan aikin ba ƙaramin abu ba ne. Na ƙulle zobba biyun a leda na kai wa mai sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa, na roƙe shi ya tura mini su can ƙasan firiza. Yaran gareji suka yi ta dariya, wai Injiniya zai ba boris ruwan sanyi.

Da na dawo sai na tarar Oga ya ɗora ɗaya zoben, wanda ake zura wa sanda, a kan wani kwanon rufi a tsakiyar ranar Mayu, sandar kuma ya ajiye ta a inuwa ya lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Na ce, "Oga, wannan fa?" Ya ce, "In ya sha rana ya fi saurin shiga. Haka maigidana ya koya mini." Na tsaya ina kallon sa. Lissafin da na yi a bayan kwali shi ne wannan, ya juya shi ne kawai, tunda wannan zoben so ake ya buɗe. Ya fi shekara talatin yana yi bai taɓa jin kashi 12 cikin miliyan ba. Ni na san lambar tun ajin farko, ban taɓa sa ta aiki ba sai ranar. Na yi SIWES wata huɗu, littafina cike da sa hannu, amma yawancin abin da na yi a can kallo ne da riƙe wa wani fitila.

Bayan awa ɗaya na karɓo zobban da gudu, don zafin garin nan ba ya jira. Na shafa giris kaɗan a ramin, na saita zobe daidai, Oga ya ce in kifa tsohon zoben a kansa in riƙa bugun tsohon, kada guduma ta taɓa inda 'ya'ya za su gudu. Ya ce, "Kasa kunne." Ina bugu ina zagayawa, sautin yana fitowa a dakushe, can sai ya sauya ya zama tsantsan kamar ƙararrawa. "Ya zauna. Ƙara ɗaya ka ɓata." Ya shafa da yatsa, ya gyaɗa kai, ya ce wa babban yaronsa, "Gobe in an kawo irin wannan, a kai wa mai ƙanƙara." Ban san lokacin da na washe baki ba.

Na cika zobban da giris mai kauri, na jera 'ya'yan ɗaya-ɗaya, giris ɗin ne ke riƙe su. Da na gama jerawa sai na ga ɗan gibi ya rage, na ɗauko wani daga cikin tsofaffin zan cusa. Oga ya ce kul, gibin da gangan aka bar shi don su samu wurin motsi, kuma ba a haɗa tsoho da sabo. Na mayar da sandar a hankali, na ɗora zoben sama da murfinsa, na ɗaura noti.

Daidaita notin nan shi ne ainihin aikin, kuma shi ne inda na yi ɓarna tun farko. Oga ya sa na ɗaure shi da ɗan ƙarfi, na juya sandar hagu da dama sau da yawa don komai ya zauna, sannan na sassauta, na sake matsewa a hankali har daidai inda wasa ya ɓace. Daga nan ba a ƙarawa. Muka mayar da kafaɗar sama da shokozoba, muka tabbatar tsayinsu ɗaya, muka mayar da taya. Da na ɗaure babban notin sama sai kan ya ɗan yi nauyi, ashe shi ma yana ƙara matsi. Muka sake kwancewa, na rage kaɗan, muka sake ɗaurewa. Sau uku muka yi haka. Na tambaye shi ko ba shi da sufana mai auna ƙarfin ɗauri irin ta wokshop ɗinmu, ya ce ba shi da ita, amma ga ma'auninsa: taya a sama, ka ɗan taɓa kan da yatsa, ya tafi gefe da nauyin kansa ba tare da ya tsaya a hanya ba, ka ja shokozoba gaba da baya, kada ka ji komai. Ya sa na tayar da inji na juya kan har ƙarshe ta kowane gefe, don a ji ko kebul ɗin totur zai ja ya ƙara wuta. Ya sa na gwada birkin gaba sau biyar kafin ya bar ni in hau. Ya ce in dawo bayan sati ɗaya a sake dubawa, don sabon boris yakan ƙara zama.

La'asar sakaliya na fito daga garejin. A kwanar farko saura kaɗan in hau kan tirin mai gyaɗa. Ba babur ɗin ba ne, ni ne. Hannuna ya tura kan da ƙarfin da ya saba turawa don fita daga gurbin da yanzu babu shi. Na tsaya a gefen titi, gabana yana faɗuwa. Sai a lokacin na ga yawan ƙarfin da na yi wata biyar ina sawa ban sani ba, da Umma a baya, da Auta a baya. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Sai da na yi kwana uku kafin hannuna ya yarda cewa babur ɗin ya warke.

Da na isa gida na kafa shi a tsakar gida, na danna bayan, na kira Baba. Ya juya kan da yatsu biyu, ya tafi sumul har ƙarshe. Na sa masa tsohon zoben a tafin hannu, ya bi lotsawar da farce ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, ba kwanan nan ba ne. Wata biyar ne. Kuma ni na ɗaure shi da guduma." Ya ce, "Na sani. Wannan ramin ba na sati ba ne. Jira nake ka faɗa." Sannan ya ce in je in gaya wa Auta, don ita ce mai ƙafar. Na je na gaya mata. Ta ce ta yafe, amma in sakamako ya fito babu kyau a wannan takardar, ni zan biya kuɗin NECO ta waje.

'Yan uwana masu ajiye babura a bakin ƙofa da gindin bishiyar ɗakin karatu, na san yadda aljihunmu yake, ba wa'azi zan yi muku ba. Amma gwajin nan ba ya cin ko sisi, kuma bai fi minti biyu ba. Ka kafa babur a babbar ƙafa, abokinka ya danna baya, ka juya kan a hankali da yatsu biyu. In ka ji ya faɗa wani gurbi a tsakiya, ɗauri ba zai gyara shi ba, sai sauyi. In ka ja shokozoba ka ji wasa, ko kana jin "ƙwas" wajen birki, ka kai a buɗe a sa giris a daidaita tun zobban suna da rai. In kuma ka daɗe kana hawan babur ɗinka, ba wa wani ya juya maka kan, don hannunka ya riga ya saba, ba zai gaya maka gaskiya ba. Satin da ya wuce na gwada wa 'yan ajinmu shida bayan lakca, biyu daga ciki kan babur ɗinsu ya tsaya a tsakiya da kansa. Dukansu sun ce ba su taɓa ji ba, kuma na yarda da su.

Tsohon zoben yana jikin makullina yanzu. Duk mai son ganin gwajin Brinell ba a allo ba, ya tare ni a ƙaramar ƙofa, ni ne mai kula biyu. Ƙafar Auta ta warke, tabon dai yana nan. Allah ya tsare mu a hanya, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke gabanmu.